Abin da Ɓerayen Gwaji Suka Koya Mana Game da Tiramadol da Kodin

Darasinmu na wannan fitowa a kan ƙwayoyin kashe ciwo ne masu sa maye, musamman tiramadol, wadda aka fi sani da tiramol, da kodin da ke cikin wasu magungunan tari. Ba sai an gaya maka yadda suka yaɗu ba. Daga Bodinga zuwa Shagari, a garuruwa irin su Dandin Mahe inda akasarin jama'a manoma ne, za ka sami ɗan ƙwadagon da ba ya ɗaukar fartanya sai ya haɗiyi ƙwaya, da ɗan kabu-kabun da ke wuni a rana da ita. Akwai kuma matar auren da ta fara sha don ciwon mara, ta wayi gari tana ɓoye kwalba a ƙarƙashin katifa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye cikin shekara guda, ban da giya da taba. Miliyan 4.6 daga cikinsu tiramadol da danginta suka sha, miliyan 2.4 kuma maganin tari. A duk mutum huɗu masu shan, ɗaya mace ce.

An sha yin wa'azi da nasiha a kan wannan, kuma sun dace. Ni dai nawa shi ne in bayyana maka abin da ƙwayar take yi daga lokacin da ta wuce maƙogwaro. Mafi yawan abin da aka sani game da haka, a jikin dabbobi aka fara ganinsa.

Me ya sa ɓera?

Ba a iya buɗe kan mutum mai rai don a ga abin da magani ke yi a ciki. Shi ya sa masu bincike suke kiwon ɓeraye a ɗakin gwaje-gwaje. Wannan ba ɓeran rumbu ba ne. Farin ɓera ne mai jan ido, irin da aka fara kiwo a wata cibiyar bincike mai suna Wistar a birnin Filadelfiya na Amurka tun 1906, kuma jikokinsa ne ake amfani da su a jami'o'i da yawa na duniya, har da namu na nan gida. An san shekarun kowane ɗaya da nauyinsa da abincin da ya ci. Sai a raba su gida biyu, a ba wa waɗannan magani a hana waɗancan, sannan a auna jininsu, a duba hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa a kwatanta. Sinadaran da ƙwaƙwalwar ɓera ke aiki da su iri ɗaya ne da namu, ikon Allah, ko da yake girman da tsarin sun bambanta.

Yadda ƙwaƙwalwa ke aika saƙo

Ƙwaƙwalwarka ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinka ba, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Waɗannan ba a manne suke da juna ba, akwai ɗan rata tsakaninsu wanda ido ba ya gani. Idan ɗaya za ta yi wa maƙwabciyarta magana, sai ta fesa wani sinadari cikin ratar, shi kuma ya je ya shiga gurbin da aka tanadar masa a ɗaya gefen, kamar ɗan makulli da kwaɗonsa. Da saƙo ya isa sai a kwashe sinadarin a mayar da shi inda ya fito. Yunwa da barci da jin zafi da farin ciki duk ta wannan hanya suke tafiya.

A 1954 wasu masana biyu, James Olds da Peter Milner, a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, suka sa wata siririyar waya a cikin kan ɓera, suka haɗa ta da wani ɗan madanni a kejinsa. Duk lokacin da ya taka madannin, sai 'yar wutar lantarki ta taɓa wani wuri a ƙwaƙwalwarsa. Ɓeran ya dinga takawa ba ƙaƙƙautawa, sau ɗaruruwa a awa guda. A gwaje-gwajen da suka biyo baya an ga ɓeraye masu jin yunwa sun bar abinci a gabansu sun koma wa madannin. Wurin nan shi ne sashen da ke sa rai ya ji daɗin abu har ya so maimaita shi, kuma babban ɗan aikensa wani sinadari ne da ake kira dofamin. Amfaninsa a halitta shi ne ya sa ka nemi abinci da ruwa da iyali.

A 1988 wasu masana a Italiya, Di Chiara da Imperato, suka auna ruwan wannan sashe a kan ɓeraye masu rai suna yawonsu. Suka ga mofin da hodar iblis da giya da sinadarin taba, duk da bambancinsu, abu ɗaya suka haɗu a kai: kowannensu yana ƙara yawan dofamin a wurin. Wato ƙwaya tana taka madannin nan ne ba tare da mutum ya ci ko ya sha wani abin amfani ba.

To ina mofin da danginsa suke samun ƙofar shiga? A 1973 aka tabbatar da cewa ƙwaƙwalwa tana da gurbi na musamman da ya dace da su. Bayan shekara biyu, a garin Abadin na Sukotilan, John Hughes da Hans Kosterlitz suka tattara ƙwaƙwalen aladu daga mayanka, suka tace, suka gano cewa jiki da kansa yana yin nasa sinadarin kashe ciwo mai shiga wannan gurbi. Mu ungozomomi muna ganin aikinsa kullum, domin yana cikin abin da ke taimaka wa mace ta jure naƙuda. Kodin da tiramadol makullin aro ne da ke buɗe kwaɗon da aka yi don wannan sinadari na jiki.

Daga ɗaya zuwa biyar

Wanda gidansa ke jikin injin niƙa, satin farko ba ya barci. Bayan wata uku ba ya ma jin ƙarar, sai ranar da injin ya lalace ne shirun zai dame shi. Haka ƙwaƙwalwa take yi da ƙwaya. Idan ana buɗe guraben nan kullum da ƙarfi, sai ta rage musu ji, ta kuma ƙara wa sassan da ke tayar da jiki ƙaimi don ta daidaita. An ga haka a ɓeraye: awon mofin da ya kashe musu ciwo ranar farko, bayan 'yan kwanaki ba ya yi sai an ƙara. Shi ya sa wanda ya fara da ƙwaya ɗaya yake komawa uku, ya koma biyar, kuma daɗin da ya ji da farko ba ya dawowa. Daga nan yana sha ne kawai don ya iya tashi.

Idan aka yanke wa irin wannan ɓera maganin farat ɗaya, sai ya kama karkarwa yana girgiza jiki kamar karen da ya jiƙe, haƙoransa na kaɗawa, ga zawo, ga rama. Mutum ma haka: hamma, majina, hawaye, gumi, ciwon gaɓoɓi, murɗar ciki, rashin barci da saurin fushi. Uwa, idan kika ga ɗanki cikin wannan hali kwana ɗaya ko biyu bayan an ƙwace masa ƙwaya, ba iskanci yake yi ba, kuma ba aljanu ba ne. Jikinsa ne ya riga ya sauya, kuma akwai maganin da ke sauƙaƙa masa wannan mataki a asibiti.

Akwai wani gwaji da nake so iyaye su riƙe. A 1982 Shepard Siegel, shi ma a Kanada, ya saba wa ɓeraye da tabar heroyin, sannan ya ba su babban awo. Waɗanda aka ba wa a ɗakin da suka saba karɓa, kusan kashi ɗaya cikin uku suka mutu. Waɗanda aka ba wa a baƙon ɗaki, kusan biyu cikin uku. Waɗanda ba su taɓa karɓa ba kuwa, kusan duka suka mutu. Abin nufi, juriyar da jiki ke yi wa ƙwaya ba tabbatacciya ba ce. Tana sauyawa, kuma tana gushewa idan an daina sha. Yaron da aka tsare wata biyu a gidan gyaran hali, ya fito ya haɗiyi adadin da ya saba a da, yana cikin haɗarin mutuwa fiye da lokacin da yake sha kullum. Makonnin farko bayan dawowa gida su ne na sa ido.

Aikin hanta

Duk abin da ka haɗiya, hanji zai tsotse shi ya miƙa wa hanta. Ita ce ke sarrafa shi ta mayar da shi yadda ƙoda za ta iya fitar da shi a fitsari. Wani abin mamaki shi ne kodin da kansa ba shi da wani ƙarfin a zo a gani. Hanta ce ke juya wani kaso nasa ya zama mofin. Tiramadol ma hanta ce ke juya ta zuwa wani sinadari da ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Ma'aikacin hanta da ke wannan aiki masana suna kiransa CYP2D6, kuma gadonsa ake yi. Wani nasa ba ya aiki sosai, sai ya sha kodin ciwon bai tafi ba. Wani kuma nasa mai gaggawa ne, ƙwaya ɗaya sai ta zame masa kamar uku. Wani bincike da aka buga a 1996 ya sami irin waɗannan masu gaggawa kusan 29 cikin 100 na mutanen Habasha da aka gwada. Ba a gane mai irin wannan hanta da ido. Saboda haka maganar "ai abokina yana shan huɗu bai ga komai ba" ba hujja ba ce. Hantarsa daban, taka daban.

Tiramadol tana da wani hali na biyu da kodin ba shi da shi. Tana hana a kwashe wasu 'yan aike biyu daga ratar nan da na ambata, wato sirotonin da noradirenalin. Wannan ne ke sa mai shanta ya ji kamar gajiya ta tafi, shi ne kuma ke jawo jijjiga irin ta farfaɗiya idan ta yi yawa. An ga hakan a ɓerayen gwaji, muna kuma ganinsa a sashen taimakon gaggawa: saurayi lafiyayye, babu mai farfaɗiya a danginsu, ya faɗi a gona yana kumfa. Abin da likita ke rubutawa ƙwaya ce mai miligiram 50 ko 100, kuma babba ba ya wuce miligiram 400 a yini. Wadda ake sayarwa a ɓoye takan kai 200 ko 225, har 250 a ƙwaya ɗaya. Biyu kawai sun kai iyaka ko sun haura. Gajiyar kuma tana nan ba ta je ko'ina ba, jinta ne aka toshe.

Sai batun sukari. A 2001 masu bincike a Taiwan suka ba wa ɓeraye masu ciwon sukari tiramadol, suka ga sukarin jininsu ya sauka. A 2015 wani babban nazari a kan bayanan marasa lafiya a Ingila ya nuna cewa mutane ma haka: masu shan tiramadol sun fi faɗawa cikin faɗuwar sukari mai kai mutum gadon asibiti. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da rumbun ajiye sukari, abin da jini ya kawo shi take ci. Yanzu ka duba mai noman rani da ya fita fadama da asuba bai karya ba, ya haɗiyi ƙwaya da shayi, ita kuma ta kashe masa jin yunwa, ya wuni yana ban ruwan albasa cikin zafin Afrilu. Mai ciwon sukari da ke shan maganinsa ya fi kowa shiga haɗari.

Maza kuma, a yi haƙuri da ni. Na san wasu don harkar iyali suke sha. Gwaje-gwaje da dama a kan ɓeraye maza sun nuna cewa daɗewa a kan tiramadol yana rage sinadarin mazakuta, ya rage yawan maniyyi da kuzarinsa, kuma an ga haka a mutanen da suka daɗe kan irin waɗannan ƙwayoyi. Mata kuma jinin al'ada ne ke rikicewa. Sau da yawa mace ce ake kawowa asibiti neman haihuwa, a yi ta yi mata gwaji, alhali tambayar da ba a yi ba tana wajen maigida.

Labarin tafashiya

A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar cewa sun sami tiramadol a cikin saiwar tafashiya da aka tono a arewacin Kamaru. Abin ya ba da mamaki, domin tiramadol haɗin ɗan Adam ce, wani kamfani a Jamus ya haɗa ta a 1962 ya fara sayarwa a 1977. A 2014 wasu masanan daga Jamus da Kamaru suka bi diddigi. Suka tarar cewa manoman yankin suna sha, suna kuma ɗura wa shanun huɗa don kada su gaji. Shanun kan huta a inuwar itatuwa su yi fitsari, ƙasa ta sha, saiwa ta tsotse. An sami ƙwayar har cikin ruwan yankin. Manomi, idan ana wannan a wajenku, ka sani sa ma yana da ƙwaƙwalwa da hanta. Jin gajiya shi ne ke hana shi aikin da zai karya shi.

Inda ɓera ba ya isa shaida

Ɓera ba mutum ba ne. Ba ya amai, ba shi da jakar maɗaci, kuma hantarsa ta fi tamu saurin sarrafa magunguna da yawa. Farasitamol da muke sha don ciwon kai yana iya kashe kyanwa. Babban darasi shi ne na wani magani mai suna talidomaid da aka sayar daga 1957 zuwa 1961, mata masu ciki suna sha don laulayi. Sama da jarirai 10,000 aka haifa da guntayen hannuwa da ƙafafu ko babu su sam. Da aka gwada shi daga baya, bai cika yi wa 'ya'yan ɓera wannan illa ba, sai a zomo da biri aka gan ta sosai. Don haka in mai talla ya ce maka an gwada haɗinsa a jami'a a kan ɓeraye, wannan matakin farko ne kawai. Kuma babu maganin da mai ciki za ta sha don kawai wata ta sha ta haihu lafiya.

Ke mai ciki, da ke mai shayarwa

Tiramadol da kodin suna ratsa mabiyiya su isa ga ɗan da ke ciki. Idan kina sha kullum, shi ma yana sha kullum, ƙwaƙwalwarsa tana sabawa kamar taki. Ranar da aka yanke cibiya, ranar aka yanke masa. Cikin kwana ɗaya zuwa uku sai ya fara kuka mai tsini wanda rarrashi ba ya tsayarwa, jiki na rawa, ga atishawa da zawo, ya kama nono ya saki. Wani har jijjiga. A gida sai a ce mayu ne ko tamowa, a shiga jiƙe-jiƙe, alhali abu ne da ake magancewa: ɗaki mai shiru da ƙarancin haske, a kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata, a ciyar da shi kaɗan-kaɗan, in ya yi tsanani likita ya ba shi magani da awo yana ragewa.

Kada ki daina farat ɗaya da kanki saboda kin karanta wannan. Wahalar yankewar tana iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Ki faɗa wa ungozoma a wajen awo abin da kike sha da yawansa. Sirrinki amana ne a wurinmu, ba za mu kai wa maigida ko uwar miji ba, kuma sanin zai sa a shirya wa jaririn tun kafin ya iso. A 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana ba wa yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramadol, ta kuma gargaɗi masu shayarwa su guje su, saboda uwa mai hanta mai gaggawa tana iya zuba wa jariri mofin a nono ba ta sani ba. Jaririn da ya cika barci har ba ya tashi shan nono, jikinsa ya saki, a kawo shi nan take. A nan gida, gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma kwalaben ba su ƙare a bayan fage ba.

Wannan ba ya nufin a ƙi maganin da likita ya rubuta bayan tiyata, ko ga mai sikila lokacin da ciwo ya tashi, ko mai ciwon daji. Da awo ake ba da shi, na ƙayyadadden lokaci, ana kuma duba mai shan.

Idan an sami wanda ya sha ya wuce kima

Abin da ke kashewa shi ne numfashi. Wurin da ke sarrafa shi a gindin ƙwaƙwalwa cike yake da guraben nan, idan aka danne shi sai mutum ya manta da shaƙar iska. Haɗa ƙwayar da maganin barci irin su baliyam, ko da giya, yana ninka haɗarin. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. In ka ga ana tashinsa ba ya tashi, numfashi ya yi nisa da juna, yana wani irin minshari, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura, kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. A kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa madara ko manja, domin huhu za su tafi. In yana jijjiga kada a cusa masa cokali a baki, a dai kawar da abin da zai ji masa rauni. A nemi mota zuwa asibiti mafi kusa, a riƙo kwalin ko kwalbar abin da ya sha. Akwai allura mai suna nalokson da ke fizge ƙwayar daga gurbinta cikin 'yan mintoci. Sai dai a tiramadol ba ta warware komai, tun da ba ta taɓa hali na biyun nan mai kawo jijjiga, shi ya sa ake riƙe mutum a ci gaba da dubawa ko ya farfaɗo.

Ga mai son bari, ƙwaƙwalwa tana gyaruwa, amma da watanni ake lissafi. A ƙarshen shekarun 1970 wani masani a Kanada, Bruce Alexander, ya ga ɓerayen da aka ajiye tare cikin fili mai faɗi sun sha ruwan mofin kaɗan in an kwatanta da waɗanda aka kulle ɗai-ɗai. Waɗanda suka maimaita gwajin ba duka suka sami sakamako iri ɗaya ba, amma a ganina ya isa ya sa mu yi tunani kafin mu ɗaure yaro da mari mu kulle shi shi kaɗai. Ana duba masu wannan matsala a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. A zo da wani babba daga gida wanda mai shan ya yarda da shi, a faɗi adadin da ake sha na gaskiya, domin da shi likita zai tsara yadda za a riƙa ragewa mako-mako.